Kayan Mutane a Ɗakin Mai Risho

Shekara bakwai ke nan, a watan nan na Rajab, da aka ɗauki maigidana daga zauren gidanmu na Filinge aka kai shi makwancinsa. Ba zan kama sunansa ba. Ban kama shi yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Mutanen gari Mai Risho suke ce masa, daga bakin kasuwa har ƙauyukan Kurfai, da wannan sunan zan kira shi a nan. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Ɗiyata Rabi ce ke riƙe da alƙalami. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Ana ce mini shekara bakwai ta isa mutum ya share hawaye. Wataƙila ta ishi wasu. Ni dai har yau in na ji warin kananzir sai in nemi wurin zama. Amma ba kukan ne ya sa na nemi a sa maganata a jarida ba. Maigidana ya tafi da kayan mutane a wuyansa, ya bar mini wasiyya in sauke masa su, ni kuma na yi shekara shida ban sauke ba. Ina son in gama kafin in bi shi.

Tun yana saurayi ya shiga aikin kuku a bariki, a gidajen ma'aikatan da ake kawowa Filinge daga Yamai. A can ya fara ganin abubuwan da ba mu da su a gidajenmu: risho mai famfo da ke ruri kamar hadari ya taso, injin niƙa nama da ake ɗaurewa a bakin tebur, tukunya mai murfin murɗawa wadda ke busa in wake ya nuna. Abincin bai dame shi kamar ƙarfen ba. In risho ya toshe, sauran masu dahuwa su jira a aiko da sabo, shi kuwa ya shimfiɗa buhu ya kwance shi gaɓa-gaɓa har ya gano ciwon. Lokacin da aka ɗaura mana aure ya riga ya bar aikin kuku, ya kafa rumfar gyara a ƙofar gida.

Ina amarya aka kawo masa firigo, injin sanyaya ruwa mai kananzir, na gidan wani likita, ya daina sanyi ana tsakiyar azumi. Ya duba lagwani, ya duba gilashi, bai ga kome ba. Sai ya kira ƙarti huɗu ya ce su kife masa shi, kai ƙasa ƙafafu sama. Unguwa duk ta fito kallo. Wani tsoho ya ce, "Mai Risho, horo kake mishi, ko roƙo?" Ya ce, "Ruwan cikinshi ya yi barci, tada shi nike." Ya bar shi haka yini da kwana, ya miƙe shi, ya kunna masa wuta. Washegari da la'asar ya shigo gida da ƙaramin kwano rufe da hularsa, ya ajiye mini a gaba, ya ce kada in buɗe sai an kira magariba. Da na buɗe na ga dutse fari yana zufa. Na taɓa na janye hannu, na ce ya ƙone ni. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar na fara ganin ƙanƙarar da ba daga sama ta faɗo ba. Har ya tsufa bai daina mamakin abin ba, wai a hura wuta a ƙasa ƙanƙara ta fito a sama.

Shi ma bai iya boko ba, karatunsa na salla ne. To, yadda yake gane kayan mutane shi ne, duk matar da ta kawo abu gyara, ko ta aiko da shi, sai ya ce a yago masa bakin zane ko gefen kallabi, siriri kamar yatsa, ya ƙulla a hannun abin. Sai dai shi a idonsa atamfa duk iri biyu ce, ja da shuɗiya. Ni kuwa babu zanen da zai ratsa unguwarmu, ko ya shigo kasuwa daga ƙauye, ban san jikin da ya ɗaura shi ba. Sai in ji muryarsa ta kan katanga:

"Uwar Rabi! Mai kifi da ɗigon rawaya fa, na wa na?"

"Na matar mahauci na, ta bayan masallaci."

"Ke kam da kin yi lakwal da kin zama komanda."

"Da na zama komanda da na sa an kwashe ƙarafan ga daga ƙofata."

Haka muka yi aiki shekaru masu yawa. Hannu nasa, ido nawa.

Yawancin abin da aka kawo yakan gyara a ɗauka. Fatar famfon risho da harshen tsohon takalmi yake yanka ta, ya jiƙa a man gyaɗa. Allurar buɗe ƙofar wuta da wayar birkin keke yake yin ta. Amma akwai ciwon da ya fi ƙarfin hannunsa: kan risho da ya tsage, haƙorin inji da ya karye, robar murfin tukunya da ta bushe. Sai ya ba direbobin Yamai sallahu, su dawo su ce an daina yin irinsu. Wani mai gyaran da sai ya mayar wa mai abu abinsa ya ce bai yiwu ba. Shi ba ya iya furta wannan kalmar. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Abin da ya shigo hannuna da ciwo ba shi hita da ciwo. A dawo kasuwa mai zuwa."

Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo. Mai abu ta gaji da aike. Wata kunya ta hana ta sake tambaya, shi ma kunya ta hana shi aika mata da shi a karye. Aka yi shekarun fari, gidaje da yawa suka tashi suka yi kudu, ba duka suka dawo ba. Ma'aikata aka yi musu canjin wuri, matansu suka hau mota suka manta da tarmos ɗinsu na ruwan zafi a wurinsa. Daga baya tukunyar gas ta shigo, babu mai tuna risho. Haka ɗakin da ke jikin zaure ya cika, tun daga ƙasa har rufi, kowane abu da ɗan tsummansa a hannu.

Zan faɗi gaskiya tunda na zo faɗinta. Ba kunya kaɗai ta tara kayan nan ba, yana son su. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya buɗe ɗakin, ya fito da su inuwa, ya goge tagullar da toka da tsamiya har ta ɗauki ido, ya ɗiga wa injuna mai. Tsofaffin abokansa na zamanin bariki su zo su kewaye shi. Wannan ya ɗaga risho ya ce da irinsa ya dafa wa baƙi goma sha biyu shinkafa ranar da mota ta lalace musu a hanya, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya san risho bai kai wannan ba. Su yi ta musu har la'asar, ni ina aiko musu da fura.

Ni kuwa, matar Mai Risho, a kan duwatsu uku na yi girkina tun daga amarci har furfura. Risho ya fi talatin a gidana, hayaƙin kara na cin idona. Wata damina itace ya jiƙe, yara na kukan yunwa, na ce masa ya ara mini guda ɗaya mai lagwani in ɗora ruwan kunu. Ya ce, "Ba nawa ba na." Na ce mai shi ta yi shekara tara ba ta waiwayo ba. Ya ce, "Ko ta yi tis'in, nata na." Na yi fushi da shi kwana biyu. Yau da zai dawo ya sake hana ni, da na gode wa Allah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga madafan yau. Matan 'ya'yana da gas suke girki, su murɗa wuta ta kama, babu famfo babu hayaƙi. Na san da ya ji daɗin wannan, don bai taɓa ƙin sauƙi ga mata ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne injin markaɗen nan na roba mai aiki da lantarki. Na surukata ya mutu bara, na juya shi a hannu ina neman inda ake kwancewa, babu ƙusa ko ɗaya, an liƙe shi gaba ɗaya. Ta ce mini, "Inna, ba a gyara irin wanga, yasuwa ake." Ta jefa shi bayan gida. Na tsaya ina kallonsa a kan juji, na ce Allah ya rufa wa maigidana asiri da bai ga wannan ba, da ya tsinto shi ya ƙulla masa tsumma.

Ciwonsa bai daɗe ba, kwana tara ne. Ana gobe zai cika, da hantsi, ya sa aka fitar da kowa ya ce in matso. Ya ce, "Uwar Rabi, ke kin san tsummokaran nan. Ki mai da ma kowa nashi. Ki ce musu ban iya ba." A duk zamanmu ranar kaɗai na ji ya faɗi haka. Na ce masa na ji.

Da aka zo rabon gado liman ya raba gona da awaki da gida. Aka buɗe masa ɗakin, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Waɗanga fa?" Na ce daga bayan labule ba nasa ba ne, na mutane ne. Ya ce, "To, ba gado ba na. Ba a raba su, ba a sai da su. A mai da ma masu su, wadda ta rasu a ba magadanta. Kuma a gaggauta, don shi ke ɗauke da su a can." Na ce sai na fita takaba. Na fita takaba na ce sai bayan damina. Bayan damina na ce ƙafata na ciwo. Haka na yi ta ja har shekara shida.

Abin da nake yi kuwa, kowace Juma'a in ɗauki makulli in shiga in rufo ƙofa. In goge abin da hannuna ya kai. Warinsa na nan a ɗakin, kananzir da tsamiya da tsohon mai. A can kaɗai nake jin kamar ya fita ne zai dawo.

Ɗana na fari, wanda ƙannensa ke ce wa Babba, ya so ya fasa bangon ɗakin ta wajen titi ya buɗe butiki, wato ɗan kanti, ya sa firigo na zamani ya riƙa sayar da ruwan sanyi. Yana da iyali da yawa, gona kuma ba ta ba da abin da take bayarwa a da. Sau uku yana zuwa ya durƙusa ya yi mini maganar. Sau uku ina ce masa, "Amana ce." Sai ya sunkuyar da kai ya tashi. Na san babu ɗan da zai yi musu da wannan kalma, shi ya sa nake faɗinta.

Bara, ranar kasuwa, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya da amalankensa ya leƙa ta tagar ɗakin. Na fito masa da muciya. Ashe Dije na zaune a zaure tana kallo. Dije ƙanwar maigidana ce, tun ina amarya muke wasa da ita, har yau da muka zubar da haƙora Amaryar Yaya take ce mini.

"Amaryar Yaya, yau kuma wa kinka kora?"

"Ɓarawon amana."

"To. Ke kuma mi sunanki?"

Na ce mata ta kama bakinta. Ba ta kama ba. Ta miƙe da sandarta ta ce in buɗe ɗakin. Ta jawo wani risho daga ƙasa, ta nuna mini tsumman da ke ƙafarsa.

"Wanga na wa na?"

Na duba. Na kai shi bakin ƙofa na sake dubawa. Tsumman ya koɗe ya koma kalar ƙasa, idona kuma ya yi hazo. Na ce mata bari in tuna. Ta jawo wani, ta jawo na uku. Ban gane ko ɗaya ba.

Ta ce, "Kin gani? Yaya bai rubuta ba, ke ce takardarshi. In kin kwanta gobe, wa za a tambaya? Kin ɗaure mini ɗan'uwa da tsumma don ki samu wurin kuka. Ki yi kukanki a ɗakinki, ki sake shi."

Babu wanda ya taɓa yi mini magana mai zafin wannan, kuma babu ƙarya a cikinta. Na zauna a ƙasan ɗakin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Dije ta bar ni sai da na gaji, sa'an nan ta zauna kusa da ni tana wasa da tsumman rishon, ta sa farce ta kwance ƙullin. Sai ta ce, "Ke, duba nan." Cikin ƙullin, inda rana da ƙura ba su shiga ba, zanen na nan da kalarsa kamar jiya aka yago shi. Kore ne mai hoton agogo. Kafin ta rufe baki na ce na matar mai awon hatsi ne, da shi ta zo sunan Rabi.

Sati uku muka yi a kan tabarma. Dije ta kwance ƙulli ta faɗa mini kala da zane, ni in faɗi mai shi, Rabi ta rubuta a takarda ta liƙa. Wani in gane shi nan take. Wani in kwana da shi a rai, ina tsakar alwala sunan ya faɗo mini. Na ga mata da yawa a tsummokaran nan, da tafiyarsu da muryarsu, yawancinsu suna ƙasa.

Daga nan muka fara rabo. Na cikin gari da ƙafa, na nesa Babba ya ɗauke mu a motar kasuwa. Duk gidan da muka shiga sai in ajiye abin in ce, "Mai Risho ya ce in ce muku bai iya ba. Ku yafe masa." Ba na tashi sai na ji an ce an yafe. Wasu dariya suka yi, suka ce su ba su ma san da shi ba. Wani gida tun ban fita ba suka miƙa wa yara rishon su yi wasa. Wata jikar mai abu kuwa a gabana ta kira mai sayen ƙarafan nan ya ɗora tukunyar kakarta a ma'auni, tukunyar da maigidana ya yi shekara talatin yana gogewa. Na buɗe baki, Dije ta taka mini ƙafa ta ce, "Nata na."

A Bonkuku mun sami mai abu da ranta, tsohuwa ta fi ni shekaru. Ta juya injin niƙa namanta ta ce, "Sai yau? Ni da na ce in an gyara in yi ma angona dambu, ga shi angon ya yi shekara ashirin a kabari." Na ce ta yi haƙuri ta yafe. Ta ce ba ta yafewa sai mun ci tuwonta. Muka ci. Ta raka mu bakin hanya ta ce, "Na yahe mai tun tuni, ke dai nike so ki daɗe."

Wanda ya fi tsaya mini a rai injin taliya ne, na wata mata daga wani ƙauye a gefen Sanam. Da shi take sana'a, haƙorinsa ɗaya ya karye ta kawo. Na san ta rasu da daɗewa, na kuma san hanyar can ba ta biyuwa yanzu kamar da saboda rashin tsaro. Babba ya ce ba zai kai ni ba, ban kuma yi masa musu ba. Muna cikin neman wanda za mu ba sallahu aka ce mana ai mutanen ƙauyen sun taso gudun hijira, suna nan bayan gari cikin rumfunan zana da leda. Muka je muna tambaya har aka nuna mana ɗiyarta, Hasiya, mace mai jikoki, zaune a gaban murhu da tukunya ɗaya ta aro.

Na ajiye injin na faɗi abin da nake faɗi. Ba ta kalle ni ba. Tsumman take kallo, don Dije ta mayar da shi ta ƙulla. Ta kwance shi ta shimfiɗa a tafin hannu ta ce, "Zanen innata na." Sa'an nan ta kama hannun injin ta murɗa. Ya yi tafiya, ya kai wurin karyayyen haƙorin ya yi tsalle da ƙara. Ta sake murɗawa ya sake yi. Ta ce tana yarinya wannan ƙarar ke tashe ta da safe, innarta ta yi wata biyu tana aiki da shi haka kafin ta kawo gyara.

Na ce, "Ɗiyata, ki yahe mai, bai samu haƙorin ba."

Ta ce, "Inna, mi zan yahe? Ranar da munka taso ko ludayi ban ɗauko ba. Akwatin innata, da kwanoninta, da tabarmarta, duk suna can, ban san abin da ya same su ba. Da ya gyara wanga ya mai da, da yana can tare da su." Ta rungume ƙarfen a ƙirji. Na ce duk da haka ta faɗa mini kalmar, don ita na zo nema. Ta ce ta yafe duniya da lahira.

A hanyar komawa na yi ta juya maganarta a raina. Abin da na ɗauka laifinsa ne zalla, ga shi ya zame wa wata baiwar Allah abin da ya rage mata na uwa. Ban ce ya yi daidai ba. Da ya mayar wa mutane kayansu tun suna da ƙarfin amfani da su, da ya fi. Amma na daina yi masa hisabi, wannan ba aikina ba ne.

Yanzu abu uku suka rage, su ne dalilin wannan magana. Risho mai famfo na tagulla, ƙafarsa ɗaya an yi mata walda. Tarmos babba mai hoton furanni ja, babu murfi. Da ƙaramin injin niƙa yaji mai aljihun katako. Duk ukun tsumma iri ɗaya ne a jikinsu, shuɗi mai hoton tsintsiya fara. Wannan zane anko ne na wani biki da aka yi a Damana ina da goyon Babba, mata sun fi ashirin da suka ɗaura shi, daga Tondikandiya har nan Filinge. Maigidana bai san anko ba, ya karɓi tsumma ɗaya daga hannu uku. Na bi waɗanda na tuna, babu wadda 'ya'yanta suka san da maganar. Liman ya ce in yi shela inda za a ji, in jira, in babu wanda ya zo a sayar a yi sadaka da niyyar masu su. To, ga shelar. Wanda ya tuna uwarsa ko kakarsa da wannan zane, ya kuma taɓa jin ta ce ta kai abu gyara Filinge bai dawo ba, ya zo. Ya tambayi gidan Mai Risho a kasuwa, za a nuna masa. Zan jira har bayan babbar salla.

Ɗakin kuwa na ba Babba makulli tun watan jiya. Magina sun fasa bangon, sun shafa siminti, sun yi fenti. Na shiga sau ɗaya, babu warin kome sai na fenti, ban sake shiga ba. Abu ukun nan suna ƙarƙashin gadona.

In aka tambaye ni me ya rage na mutumin nan bayan shekara bakwai, ba ni da abin nunawa. Sana'arsa ta mutu kafin shi. Abokan musunsa saura ɗaya, shi ma ba ya gane mutane. Abin da na gani da idona shi ne, na shiga gidaje fiye da yadda zan iya tunawa ɗauke da kayan da ya kasa gyarawa, ban sami gida ɗaya da aka ce ya ci musu ko allura ba. Abin da aka ba shi yana nan yadda aka ba shi, har ya fi tsabta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe mini shekara shidan da na ƙara masa.

Dije ta ce tunda na sauke masa kaya, yanzu zan ji sauƙi. Nasa na sauke, kowane da gidan da aka kai shi. Nawa ne ban san ƙofar da zan kai in ajiye ba.